Har Ƙasar Aka Kwashe

Ku da aka haifa a nan Makka kuna kiran waccan shekarar shekarar izala, wato shekarar rushe-rushe. Ni kuwa har gobe shekarar Baba Yahaya nake ce mata. Ran nan na ji ku a falo, kai Hamza da ke Suwaiba, kuna ba 'ya'yanku labari da wannan Hausar taku da Larabci ya cinye rabinta, wai akwai wani tsoho mai mugun baki da ya yi ta yi wa unguwarmu ta Tandabawi fata har ta rushe, wai kuma uwarku ta ƙi tashi daga gida don taurin kai sai da ta ga katafila a ƙofa. Kuka yi dariya, yaran ma suka yi. Ina cin abinci a lokacin, sai na ture kwanon gefe. Taurin kai kam ina da shi, ba na musu, a wurina kuka gada. Sai dai ba shi ya zaunar da ni a gidan nan ba, kuma tsohon da kuke yi wa dariya ya fi ƙarfin dariyarku.

Kun san kuna da ya, Ramlatu, wadda ta rasu kafin a haife ku. Abin da ba ku taɓa tambaya ba shi ne inda aka kai ta. Ba a kai ta ko'ina ba. Ni da ubanku, Malam Sani, aikin hajji muka zo muna sababbin aure, muka ƙi komawa, muka maƙale a wani ɗan hoshi, wato ƙaramin gida, a kan dutse, tsakar gida ce kamar tafin hannu da ɗaki biyu, sai ka hau matakala har gwiwarka ta yi kuka kafin ka isa. Ba mu da iƙama, wato izinin zama, ba mu da ko wace irin takarda. Da zazzaɓi ya ɗauke yarinyar tana goyo, fita da gawa na nufin asibiti, asibiti na nufin tambaya, tambaya kuwa ƙarshenta jirgin mayarwa gida. A ƙauyenmu can wajen Kano jariri a bayan ɗaki ake ajiye shi, ba wani abin mamaki ba ne. Maƙwabcinmu Baba Yahaya, mai gyaran takalma, shi ya shigo da ɗan gatarinsa, ya bi tsakar gidan yana ƙwanƙwasawa har ya sami kusurwa ɗaya tak da take da ƙasa, don ko'ina dutse ne. Shi ya haƙa, shi ya yi mata salla tare da ubanku, shi ya kawo reshen lalle ya dasa a kai. Lallen da kuka yi ta tsinka kuna ƙunshi da salla, Suwaiba, shi ne wannan.

Baba Yahaya mutumin kudancin Zariya ne. A gidan mishan ya tashi, ubansa mai wa'azi ne a coci, shi kuwa ya musulunta yana saurayi, danginsa suka juya masa baya, ya yi ta fafutuka har Allah ya kawo shi Makka. Yaran unguwa Baba Mishan suke ce masa, ba ya fushi. Burinsa ɗaya ne a duniya, kowa ya san shi: ya mutu a garin nan, a yi masa salla a Harami. Saboda wannan burin ba ya taka babban titi. Daga ɗakinsa sai lungu, daga lungu sai masallaci, ya san duk wata hanyar ɓera da za ta sada shi da Harami ba tare da ya haɗu da masu kame ba. Gashin kansa a cikin lungunan nan ya yi fari. Yana da likkafaninsa da ya wanke da ruwan Zamzam, ya ninke a ƙasan akwati, wani lokaci yakan fito da shi ya sha iska, ya mayar.

Shekarar da aka fara shafa jan fenti a bangayen unguwannin ƙasa, ana rubuta izala, alamar za a rushe don a fitar da babbar hanya, na kai masa takalmin Hamza bayan la'asar. Ina tsugune ina jira, sai ya fara magana bai ɗago kai ba.

"Uwar Hamza, na taɓa ba ki labarin Taya? Larabawa Sur suke ce mata."

"A'a, Baba."

"Birni ne a bakin teku, na 'yan kasuwa, rabinsa a tudu rabinsa a tsibiri. Muna yara an sa mun haddace abin da wani annabi na Bani Isra'ila ya faɗa a kansa tun yana tsaye da ƙarfinsa. Ya ce za a fara da ƙauyukan gefe. Ya ce waƙa da kiɗa za su ɗauke. Ya ce duwatsunsa da katakonsa za a zuba su a ruwa, har ƙasarsa ma za a kankare, a bar dutse tsirara, masunta su riƙa shanya taru a wurin."

Na ce masa ai duk birnin da aka ci da yaƙi haka yake zama. Ya girgiza kai, yana huda fata da basilla.

"A'a. Wanda ya ci gari ganima yake ɗiba, wa zai tsaya kwasar ƙasa? Sarki na farko ya zo ya rushe na tudun, mutane suka gudu tsibiri, kango ya zauna zamani bayan zamani, har aka ce maganar ba ta cika ba. Can sai wani sarki ya zo yana son ya isa tsibirin. Ba shi da hanya. Sai ya sa aka kwashe kangon nan kaf aka zuba a teku aka yi hanya, da duwatsu suka ƙare aka kankare ƙasar aka ƙara. Shi bai ma san an taɓa faɗa ba. Hanya kawai yake so."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni, daga nan ya dubi katangar gidanmu, daidai inda kan lallen yake leƙowa.

"Mai son hanya ba ya barin ƙasa, 'yata."

Na karɓi takalmin na tafi. Da na gaya wa ubanku, sai ya ɓata rai. Ya ce malamai sun ce labarin mutanen littafi ba a gaskata shi ba a ƙaryata shi, a bar shi inda aka gan shi, kuma wane irin rashin ladabi ne a haɗa gari mai alfarma da wani birnin da aka yi fushi da shi. Na ce Baba bai haɗa ba. Ya ce to ya yi shiru mana.

"Bango za su ture, su zuba kwalta a kai, halas, shi ke nan," in ji shi. "Yarinya tana kwance a ƙasar Makka, wa ya kai ta sa'a? Tonon kabari wasa ne? In aka gan mu da ita a hannu fa, mu ce mene ne? Ki dubi waɗannan biyun da suke numfashi."

Allah ya jiƙan ubanku, ba rago ba ne, ku yake ji wa tsoro. Ni ma na so in yarda da shi. Har na samo wa kaina abin riƙewa: ai Makka babu teku, babu masunta, babu taru. Nakan maimaita wannan a raina ina wanke-wanke, kamar mai jan carbi.

Aka fara da unguwannin ƙasa. Daga kan dutsenmu muna kallon ƙura tana tashi da safe, da yamma sai ka ga wurin da kake sayen gurasa ya zama fili. Sannu a hankali jan fentin ya hauro matakala har ya iso ƙofarmu. Mutane suka fara tashi, wasu unguwar Kudai, wasu can bayan gari. Abin da ban shirya masa ba shi ne shirun. Unguwar nan da ba ta taɓa rufe baki ba, ga turmi, ga keken ɗinki, ga rediyon mai shayi, ga mata suna buga tasa suna waƙa duk ranar da aka yi suna ko biki, sai aka wayi gari ina jin ƙarar takalmina a lungu. Aka yanke wuta. Ƙofofi a buɗe, labule yana kaɗawa a gidan da babu kowa, kyanwoyi suna zaune a kan matakala suna bin mutum da ido kamar su ne masu gidan. Wata rana da tsakar rana na wuce gidan wata ƙawata da ta tashi, na ji ana daka a ciki, tim, tim, tim. Na yi sallama, na leƙa. Murfin tankin ruwa ne iska take bugawa. Na fito da gudu, ni da girmana. Kiran sallar Harami kuwa ya riƙa iso mana tas, kamar ladanin yana tsakar gidanmu, don babu sauran wata murya da za ta tare shi.

Mutanen da suka rage suka fara kauce wa Baba Yahaya, don labarin nasa ya zaga. Aka ce bakinsa ne, aka ce dama wanda ya taso a coci ba a rasa shi da wani abu. Wata mata ta tofar da yawu a gaban rumfarsa. Nan ne tushen labarin da kuke bayarwa yau. Shi kuwa ko a jikinsa, sai dai na ji ya ce wa wani:

"Ni ba annabi ba ne, ban san gaibu ba. Labarin garin da ya riga ya wuce na bayar. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ka san abin yi."

Ubanku ya kama ɗaki a Kudai, ya kwashe ku da kaya. Ni na ce akwai sauran tarkace da zan tattara, kullum sai in dawo in wuni a gidan, wani lokaci in ƙi komawa. Muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba, har ya ce in zaɓa tsakanin 'ya'yana da kango. Ina jin sa, amma ƙafata ta ƙi. Nakan shimfiɗa tabarma a gindin lallen in zauna, ban san me nake jira ba.

Sai aka yi ruwa. Kun san ruwan Makka, shekara ta wuce ba ɗigo, ranar da ya zo kuma sai ya zo da fushi. Duwatsu suka sako ambaliya, ta bi ta filin da aka rushe, inda aka tara ɓaraguzai tsibi-tsibi ana jiran motoci. Ina tsaye a bakin matakala, jiƙe sharkaf, ina kallon ruwa ja yana tafiya da bulo da katakon rufi. Na ga wata ƙofa shuɗiya tana juyawa a kan ruwan, na gane ta, ta gidan mai kitson da take yi wa Suwaiba kitso ce. Duwatsu da katako a cikin ruwa, a garin da na rantse babu teku. Na bi ƙofar da ido har ta ɓace.

Da ruwan ya janye na sauka da kaina in ga abin da injinan suke yi a ƙasa. Ba kwalta suke zubawa a kan kango ba. Bayan an kwashe ɓaraguzan, sai wata katafila mai faffaɗan baki ta bi tana kankare ƙasa, tana lodawa a mota, har sai baƙin dutse ya fito fili, ana jin haƙoranta suna ƙara a kansa. Na tambayi wani ma'aikaci ina ake kai ƙasar. Ya ɗaga kafaɗa, ya nuna gaba da hannu, ya ce ciko ake yi a inda hanyar za ta bi.

Ban san yadda na hau matakalar nan ba. Na sami Baba yana ɗaure kayan aikinsa, don shi ma an ba shi wa'adi.

"Baba, saura me?"

"Kin gani ke nan."

"Na ce saura me a labarin?"

"Taru," ya ce a hankali. "Amma ki bar ta taru, uwar Hamza. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sun kusa layinmu."

Na fashe da kuka, na ce Malam ya hana, kuma ko na tono ta ina zan kai ta, wace maƙabarta za ta karɓi ƙashi babu takarda. Ya ajiye kayan da yake ɗaurewa.

"Ni na kwantar da ita," ya ce. "Ni zan tashe ta. Akwai wani gindin dutse a gefen Muzdalifa, yashi ne mai laushi, na gan shi shekarar da na yi aikin hajji. Can ba mai gina bene."

"Baba, Muzdalifa fa? Sai an bi titi. Sai an hau mota."

"Tsoho da jakar takalma, wa zai kalle shi?"

Na san ƙarya yake yi mini don in sami natsuwa, shi ma ya san na sani. Mutumin da ya ƙi taka titi tun kafin a haife ku. Da na ce a'a, da ya zauna. Ban ce ba. Ina son 'yata, ban ce ba.

Bayan azahar muka yi aikin, lokacin da ma'aikata suke hutawa, rana tana dukan dutse har iska tana rawa. Ya sare lallen, ya ajiye gatari, ya ci gaba da hannu. Ba mu yi nisa ba muka same ta. Saiwoyin lallen sun zagaye ta ta ko'ina, sun naɗe ta kamar yadda ake riƙe jariri a tafin hannu, sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yankewa da wuƙar fatarsa. Abin da ya rage bai fi a rufe da mayafin kai ba. Babu abin da ya motsa a unguwar nan duka, ko tattabara, sai numfashinsa da nawa. Na miƙa masa ɗankwalina, ya ture hannuna. Ya buɗe akwatinsa da ya jawo, ya fito da likkafanin nan nasa, ya sa haƙori a gefe, ya yage ƙyalle mai faɗin kamu biyu. Ƙarar yagewar ta cika tsakar gidan.

"Baba, naka ne fa!"

"Ni gajere ne, zai ishe ni. Riƙe mini sauran, kada ya yi datti a hanya. In na dawo na karɓa."

Ya naɗe ta, ya sa a ƙasan jakarsa, ya jera tsofaffin takalma a kai, ya rataya. Na raka shi bakin matakala. Ina kallonsa yana sauka a hankali, yana dafa bango, har ya shiga filin nan da babu inuwa, ya zama ɗan ɗigo.

Bai dawo ba. A hanyar komowa, a tashar motocin Kudai, ya faɗa cikin kame. Ku duba ikon Allah, bai fi a kira mutum ya ji ba tsakanin wurin da ɗakin da kuke zaune. Bayan kwanaki wata baƙuwar lamba ta kira wayar ubanku, daga inda ake tsare waɗanda za a mayar gida. Ubanku ya saurara, fuskarsa ta sauya, ya miƙo mini.

"Uwar Hamza, an gama," in ji Baba, muryarsa can nesa. "Tana gindin dutsen, ta wajen fitowar rana. Ban sa alama ba, alama ita ke jawo hannu. Kada ki ji mata kaɗaici, duk shekara duniya gaba ɗaya za ta zo ta kwana tare da ita."

Na ce Baba ka yafe mini, na ce likkafaninka yana wurina, ta ina zan aiko. Ya yi 'yar dariya.

"Wanda ya ƙaddara inda za a shanya taru, shi ya san inda zan kwanta. Ajiye shi."

Wayar ta katse. Ba mu sake jin muryarsa ba. Shekara ba ta zagayo ba wani mahajjaci daga wajensu ya ce ya ji an ce ya rasu, bai san garin ba, bai san wa ya yi masa sutura ba. Ubanku bai taɓa yi mini gori a kan abin da na yi ba, kuma har ya koma ga Allah bai daina yi wa Baba addu'a bayan salla ba. Wannan ma ba ku sani ba.

Sau ɗaya na koma Tandabawi bayan an rushe layinmu. An sake yin ruwa da daddare, gari ya waye da rana. Na bi inda nake zaton matakalarmu take, na kasa gane komai, sai da na daidaita da hasumiyar Harami sannan na ce to, nan ne. Babu bango, babu bulo, babu ko ƙwayar ƙasa da za ka ɗiba da cokali. Baƙin dutse ne sumul, yana sheƙi. A kansa kuwa, daidai tsakar gidanmu har zuwa inda rumfar Baba take, ma'aikata sun baza wannan koriyar ragar da ake lulluɓe gini da ita, ta jiƙe, sun shanya ta layi-layi kamar taru don ta bushe, sun danne gefunan da duwatsu kada iska ta ɗauka. Wani yana zaune a gefe da allura yana ɗinke inda ta yage. Na zauna a wurin. Wani a cikinsu ya kawo mini ruwa, yana tambayata ko na ɓata hanya ne.

Ban ce muku an yi annabcin Tandabawi ba, kada ku je ku ce na ce. Ni ba malama ba ce, Allah shi ne masani. Abin da idona ya gani na faɗa, da kuma abin da na sani: da tsohon nan bai ba ni labarin wancan birnin ba, da yau yayarku tana ƙarƙashin tayar mota. Yanzu kun san dalilin da ya sa nake sa Hamza ya kai ni Muzdalifa lokacin da babu kowa, in zauna ina kallon duwatsu, yana ta duba agogo yana cewa, "Yalla ya Umma, mu tafi, me ake gani a nan?"

Likkafanin yana ƙasan akwatina, cikin farar leda. Ranar da tawa ta zo, da shi za ku sa ni. Masu wanka za su ce muku bai cika ba, gefe ɗaya a yage yake, a sayo sabo. Kada ku saya. Ku ce musu sauran yana Muzdalifa.